Kafin ka nemi makarantar tuƙin jirgin sama, fara kai idonka awo

Aikina awon ido ne a nan Birnin Kebbi, kuma duk saurayin da ya ce mini yana son shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, abu ɗaya nake fara gaya masa: kada mahaifinka ya sayar da shinkafar fadama ko saniya saboda kuɗin makaranta sai ka san matsayin idonka.

Fara da na nesa. Direban jirgin fasinja yana bukatar takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, kuma ƙa'idarta kowane ido shi kaɗai ya karanta layin 6/9 a allon haruffa, in an buɗe biyun kuma 6/6. Wannan da tabarau ko babu. Na san yara da dama da suka haƙura don kawai suna sa gilashin likita, abin yana ba ni takaici, domin bai hana ba. Sharaɗin dai ka tashi da shi a fuska, da wani na ajiya kusa da hannunka. Za a kuma ba ka ƙananan rubutu ka karanta a tazarar santimita 30 zuwa 50.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne launi. Akwai littafin Ishihara, shafuka cike da ɗige-ɗige masu launi, da lamba ɓoye a tsakiya. Mai lafiyar ido yana kallo zai ce 74, wanda ja da kore ke rikita wa ya ce 21, kuma har ransa abin da ya gani ke nan. Gado ne, ta wajen uwa yake zuwa, maza ya fi kamawa, kuma ba tabarau ko maganin ɗigawa da ke gyara shi. Dalilin tsanantawar a fili yake: fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama koriya, fitilun da ke nuna wa direba ko ya yi sama ko ƙasa da yawa wajen sauka kuma ja da fari ne. Kada ka haddace littafin, ƙanena. Rayukan mutane za ka ɗauka.

In ido ya wuce, nemi likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince wa, don takardar kowane asibiti ba ta aiki a nan. Zai auna ji, hawan jini, bugun zuciya, fitsari da jini. Mai jinin AS, wato mai ɗauke da gadon sikila amma ba ya da ciwon, yawanci ba a hana shi. Faɗi duk ciwon da ka taɓa yi, musamman farfaɗiya ko suma, da duk aikin da aka taɓa yi maka a ido.

Takardar shekara ɗaya take yi a sake awo, in shekaru sun ja ta koma wata shida. Saboda haka lokacin apolo kada ka yarda a ɗiga maka ruwan sukari ko na ganye, tabo ɗaya a baƙin ido ya isa ya rage gani. Ranar awo ka yi barci sosai, ka tafi da tabaranka da takardar da aka rubuta maka shi.