Yadda Ake Gano Yoyon Ruwan Sama a Cikin Motar Shiga Daji

A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama a Zariya, mai Hilux ko Land Cruiser yakan tarar da shimfiɗar ƙasan motarsa ta jiƙe tana warin ruma. Kada a yi gaggawar shafa gam. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, wani kuma ya riƙa zuba ruwa da buta, yana farawa daga ƙasan ƙofa zuwa rufi, domin idan aka fara daga sama ruwan zai gangaro ya ɓoye kafar. Galibi ƙurar hunturu da ganyen darbejiya ne suke toshe magudanar da ke gindin gilashin gaba, kuma siririyar waya tana buɗe ta. Robar ƙofa da rana ta busar har ta tsattsage kuwa, sai dai a canza ta. A ƙarshe a ɗaga shimfiɗar a shanya, tun kafin tsatsa ta kama ƙarfen.