Stray, astray da wander: inda ɗalibanmu suke yin makuwa

Makon jiya ina duba rubutun ɗalibaina masu shirin jarrabawar WAEC, sai na ci karo da wannan jimla: "My phone has strayed." Yarinyar tana nufin wayarta ta ɓace. Na san inda matsalar ta faro. An gaya mata cewa stray na nufin ɓata, ita kuwa ɓata a Hausa faɗi gare ta: kuɗi su ɓata, yaro ya ɓata, matafiyi ya ɓata hanya.

Stray ba ta kai nan ba. Hausar da ta fi kusa da ita ita ce makuwa, ko ratsewa. Ka tuna akuyar da ta bar garke da la'asar, tana tsinkar ganye a gefen hanya, daga wannan lungu zuwa wancan, har magariba ta same ta a wata unguwa, aka ɗaure ta a ƙofar gidan mai unguwa ana jiran masu cigiya. Akwai inda ya kamata a ce tana nan, kuma da ƙafarta ta bar wurin ba tare da ta yi niyyar gudu ba. Wannan shi ne "The goat strayed from the herd." Waya ba ta da ƙafa. Abin da yarinyar take nema shi ne "I lost my phone", ko "My phone is missing."

Lura da from ɗin nan. Abin da aka bari, from yake ɗauka. Inda aka faɗa kuma, into. Shanu suka ratsa gonar wani: "The cows strayed into his farm." Ɗalibi ya bar tambaya ya kama wani zance: "He strayed from the topic", kuma wannan yana jawo asarar maki sosai a rubutun insha'i.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cakuɗa stray da astray. Sau da yawa nakan ga "astrayed", kalmar da babu ita sam a Turanci. Astray ba aikatau ba ce, sai an jingina ta da go ko lead. Wanda ya taɓa karanta fassarar Fatiha ta Turanci zai tuna ta a ayar ƙarshe, inda ake maganar ɓatattu. Haka kuma ba a cewa "Bad friends strayed him", domin stray ba ta faɗawa kan wani, mutum shi yake ratsewa da kansa. Idan abokan banza ne suka ja shi, sai ka ce "Bad friends led him astray."

Akwai wata ma'ana da nake so kowa ya kiyaye. Wani yaro ya rubuta mini "My father strayed last year." Na kira shi na ce, "Kai yaro, me ya sami Baba?" Ya ce, "Malam, hanya ce ta ɓace masa a Abuja." Bature in ya ji an ce magidanci ya yi stray, ba a faɗi daga ina ba, cin amanar aure ne zai fara zuwa masa a rai. Yaron ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. "He lost his way" ta wadatar.

Idan kalmar ta zo gaban suna, ta ɗan saki jiki. Stray dog shi ne karen da ba shi da mai shi ko ya ɓace wa gida, amma kura a daji ba stray ba ce, don dama can ba ta da ubangida. Stray bullet, da muke yawan gani a jaridu, harsashi ne da ya sami wanda ba shi aka nufa ba. Kada dai ka kira yaran da ke yawo a titi strays. Kalmar dabbobi ce, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ga an laƙaba ta ga 'ya'yan mutane.

Wander kuwa yawo ne kawai ba tare da an nufi wani wuri ba, kamar mai zagaya kasuwar Kurmi yana kallon kaya, babu laifi a ciki. Idan an ƙara off takan kusanci stray: yaro ya sulale daga hannun uwarsa a cikin cunkoso, "The child wandered off." Ita matsalarta rubutu ne da furuci, don ana rikita ta da wonder, wato mamaki ko tunanin ko yaya abu yake. Rubutun yana yaudarar ido: wander mai harafin a ana furta ta kusan "wonda", wonder mai harafin o kuma tana fita kusan kamar "wanda" ɗinmu na Hausa. Nakan sa ɗalibai su rubuta su gefe da gefe a bayan littafi, su karanta da ƙarfi sau uku kafin mu shiga darasi.