Yadda Za a Sa Ido Kan Mai Shan Magungunan da Ke Kwaikwayon Dopamin

Likitoci kan rubuta pramipexole, ropinirole ko rotigotine ga masu cutar Parkinson, mai sa rawar jiki, da masu fama da ƙafafun da ba sa natsuwa da dare, yayin da aka fi ba da bromocriptine da cabergoline ga wanda sinadarin furolaktin, mai sa ruwan nono, ya yi wa yawa a jini. Dukkansu suna manne wa makarɓan dopamin ne, wato sinadarin da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, su yi aikinsa. Sai dai dopamin ba motsin jiki kaɗai yake tafiyarwa ba, har da ɗokin neman abu, kuma pramipexole da ropinirole sun fi kama makarɓin da ake kira D3, wanda ke da yawa a sashen da ke kula da wannan ɗoki. Shi ya sa waɗannan magunguna kan sa wasu su kasa danne sha'awarsu.

Kafin a fara shan maganin, majiyyaci ya faɗa wa likita gaskiya idan ya taɓa faɗawa caca, shan barasa ko ƙwaya, domin haɗarin ya fi yawa ga irin waɗannan. Sannan ya zaɓi mutum ɗaya da ya amince da shi, ya ba shi izinin yi masa magana idan ya ga halinsa ya sauya. Wannan, a ganina, ya fi kowane mataki muhimmanci, saboda wanda abin ya kama ba kasafai yake ganin laifinsa ba, wanda ya gani kuma kunya kan sa ya ɓoye.

Abin ba ƙarami ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan masu Parkinson 3,090 a Amurka da Kanada ya gano kasa danne sha'awa a kusan kashi 17 cikin ɗari na masu shan irin waɗannan magunguna, alhali bai kai kashi 7 ba ga waɗanda ba sa sha. A 2016 ma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa aripiprazole, wani maganin taɓin hankali, shi ma yana iya jawo wannan matsala.

Alamun da za a lura da su sun haɗa da caca, sayayyar da ba ta da kai, cin abinci ba ƙaƙƙautawa da tsakar dare, da ƙaruwar sha'awar jima'i fiye da yadda aka san mutum. Wani kuma zai kwana yana kwance rediyo yana sake haɗawa, ko yana jera maɓallai, in an katse shi ya fusata. A kuma riƙa ƙirga ƙwayoyin: idan suna ƙarewa kafin lokaci, musamman levodopa ko allurar apomorphine, waɗanda su ma magungunan Parkinson ne, wataƙila ana ƙara sha ba da sanin likita ba.

Idan an ga alama, kada a dakatar da maganin lokaci guda, domin hakan na iya jawo fargaba, baƙin ciki, gumi, ciwon jiki da tsananin kwaɗayin maganin. A koma wurin likita ya rage shi sannu a hankali ko ya sauya wani; sau da yawa halin kan lafa bayan haka. Kafin nan, a karɓi katin banki da yardar majiyyaci, kuma kada ya yi tuƙi idan barci na fizgarsa da rana.

A kulle maganin inda lafiyayye ba zai kai hannu ba. Mai neman maye da shi yawanci tashin zuciya, amai, jiri da faɗuwar awon jini yake tararwa, wani lokaci har da gane-gane.