Yadda Ake Gane Shekarun Tufafin Turai na Ƙarni na 18

Duk wanda ya ga tsohuwar rigar Turawa a gidan tarihi ko a hoton fenti, yana son sanin lokacin da aka yi ta, ya kamata ya duba yadin daban, ɗinkin daban. Dalili kuwa shi ne siliki ya fi kuɗin ɗinki tsada nesa ba kusa ba, saboda haka sau da yawa akan warware rigar da aka gada a sake ɗinka ta bisa sabon yayi. Abin da ya fi sabunta a jikin rigar shi ke nuna lokacin da aka yi mata ɗinki na ƙarshe.

A fara da zanen yadin. Silikin da aka saƙa a Liyon ta Faransa da unguwar Spitalfields ta Landan yana sauya zane kusan kowace shekara, wannan kuwa babban taimako ne ga mai bincike. Manyan furanni da 'ya'yan itatuwa masu inuwa, kamar a tsinka, na shekarun 1730 ne. Idan furannin sun bi layi mai lanƙwasa suna hawa tsawon yadin, a nufi shekarun 1760, ratsi-ratsi da ƙananan furanni kuma sun fi yawa daga 1770 zuwa gaba.

Auduga mai zane tana da nata tarihin, domin doka ta shiga cikinsa. Faransa ta haramta atamfar Indiya daga 1686 har zuwa 1759 don kare masaƙanta, Ingila ma ta tsaurara irin wannan doka a 1721, ba ta sassauta ba sai 1774. Kodayake 'yan fasa-ƙwauri ba su daina shigo da ita ba, rigar auduga mai zane ta fi yiwuwa ta fito daga ƙarshen ƙarnin, bayan wani mai masana'anta, Oberkampf, ya kafa masana'antarsa ta buga zane a yadin auduga a garin Jouy na Faransa a 1760.

Daga nan a juya bayan rigar mace, don a nan bambancin yake. Wadda ake kira ta Faransa tana da tattara mai faɗi da ke saukowa daga kafaɗa har ƙasa a sake, ita kuwa ta Ingila an ɗame bayanta ya kama jiki. Siket mai faɗin gaske a gefe da gefe, wanda firam ke tallafe da shi daga ciki, ya kai ƙololuwa a shekarun 1740 da 1750, sai dai fada ta ci gaba da riƙe shi bayan sauran jama'a sun yar, don haka kada faɗi kaɗai ya ruɗi mutum. Farar rigar auduga mara nauyi mai ɗamara ta bazu bayan hoton Sarauniyar Faransa Marie Antoinette sanye da irinta na 1783.

Na maza ya fi sauƙi. Kwat ne da falmaran da wando mai tsayawa a gwiwa, kuma falmaran ce ma'auni: a farkon ƙarnin tana kusan taɓa gwiwa, zuwa 1790 ta tsaya a ƙugu.

Idan rigar tana gaban mutum, ya duba ɗinkin ciki. Layin keken ɗinki, ko rinin shunayya mai ƙyalli irin wanda masanin sinadarai ɗan Ingila Perkin ya gano a 1856, shaida ce cewa an taɓa rigar a ƙarni na 19 ko bayansa, galibi don bikin shigar gargajiya.