Yadda ake haɗa ƙungiyar binciken fannoni daban-daban a Damagaram

Wanda ya taɓa yin bazara a Damagaram ba sai an ba shi labarin ruwa ba. Tun asuba bido ya yi layi a bakin famfo, ƴan garuwa suna bin unguwa-unguwa, mata suna lissafin na sha da na wanki. Ka kai wa masanin labarin ƙasa wannan magana, zai ce maka garin a kan dutse yake zaune, ƙarƙashinsa ba ya tara ruwa mai yawa, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Masanin tarihi zai tuna maka cewa ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926. Mai nazarin zamantakewa kuma tambayarsa daban: wa ke da famfo a gida, wa ke saye, wace yarinya ce ke tsaron layi lokacin da ya kamata tana lakwal? Duk ukun gaskiya suka faɗa. Amma in kowa ya rubuta nasa a ɗakinsa ya rufe, gari bai samu amsar da zai yi aiki da ita ba.

Don irin wannan ake kafa cibiyoyin bincike masu tara fannoni a inuwa ɗaya. Tamu ta ƙasa ita ce IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam da ke Yamai ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni, wadda asalinta reshe ne da aka buɗe a 1944 na IFAN, cibiyar binciken da Faransa ta kafa a Afirka zamanin mulkin mallaka. A can masu tarihi da masu tonon kayan tarihi da masu nazarin harsuna da zamantakewa suke aiki kusa da juna, kuma akwai sashen da ke adana dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami. Mu a nan muna da Jami'ar André Salifou, muna da malamai da ɗalibai, muna da garin da kowace unguwarsa littafi ce. Ba sai an jira gini da allo a ƙofa ba. Malamai biyar ko shida da ɗalibansu za su iya fara aikin cibiya, in sun bi shi daki-daki. Zan riƙe misalin ruwa har ƙarshe don maganar ta zauna.

Ku fara da tambaya ɗaya

Tambayar ta fito daga bakin mutanen gari, kuma ta zama ƙarama. "Matsalar ruwa a Damagaram" take ne, ba a iya fita da shi titi. Tambaya ita ce irin wannan: yaya gidan da ba shi da famfo yake samun ruwa daga Maris zuwa faɗuwar damina, nawa yake kashewa, kuma wa ke ɗaukar wahalar? Ku rubuta ta da Hausa tukuna, cikin jimla ɗaya. In ba ta faɗuwa da Hausa yadda tsohuwa a Birni za ta gane, to ku ma ba ku gama gane ta ba, Faransanci ne kawai ya rufa muku asiri.

Sannan ku zaɓi wurare biyu ko uku da suka bambanta. Birni mai tsoffin gidaje da lunguna, Zango mai tarihin fatauci, Kara-Kara ko wata sabuwar unguwa a bakin gari da bututu bai kai ba. Bambancin ne zai koya muku abu.

Ku zaɓi mutane don aikin, ba don muƙami ba

Ana buƙatar mai tarihi, mai labarin ƙasa, mai nazarin zamantakewa, mai nazarin harshe, in da hali da wani daga fannin lafiya ko tattalin arziki. Amma abubuwa biyu sun fi takardar shaida muhimmanci. Na ɗaya, mata. Maganar ruwa a cikin gida take, kuma namiji baƙo iyakarsa zaure. Ƙungiyar da ba ta da mata masu bincike rabin labari za ta kawo. Na biyu, harshe. Hausa za ta kai ku ko'ina a cikin gari, amma akwai tsohon da zuciyarsa ba ta buɗewa sai da Barbarci, akwai mai Fulatanci, akwai mai Buzanci. Ku nemi ɗaliban da suka tashi da waɗannan harsuna.

Tun ranar farko a yi maganar da mutane ke jin nauyinta: wa zai riƙe kuɗi, jika nawa za a ba kowane ɗalibi na kabu-kabu da abinci a wuni, sunan wa zai fito a kan abin da za a buga. A rubuta, kowa ya sa hannu. Na ga ƙungiya mai kyau da ta watse saboda ɗaliban da suka sha rana suka ga ba a ambace su ba ko a shafin godiya, kuma har yau abin yana damuna.

Ku karanta kafin ku fita

Nan ba zan daɗe ba, amma kada a tsallake. André Salifou, wanda jami'ar ke ɗauke da sunansa, ya buga bincikensa a kan masarautar Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971, cikin jerin littattafan Études Nigériennes. Matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya sauka a garin a ƙarshen 1852, sun bar bayani. Rahotannin zamanin Turawa suna gidan adana takardu na ƙasa a Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence a Faransa. Akwai kuma kundayen ɗaliban da suka gabace ku. Kowane mutum ya karanta na fanninsa, ya zo ya bayyana wa sauran cikin minti goma sha biyar ba tare da kalmomin da sai ɗan sashensa ke ganewa ba. Wannan zama shi ne farkon haɗuwar fannoni ta gaskiya.

Izini da gaisuwa

Izini iri biyu ne, kuma kowanne ba ya maye gurbin ɗan'uwansa. Akwai na takarda: wasiƙar jami'a mai hatimi da ke faɗin su wane ne ku da abin da kuke nema, a kai ta ofishin gwamna da hukumar birni, kowane mai bincike ya riƙe kwafi a aljihu. In aikin ya taɓa lafiyar mutane, sai an bi ta kwamitin ɗa'a na ma'aikatar lafiya.

Akwai kuma na ƙafa. Aikin da zai shiga Birni ya taɓa tarihi, a fara da gaisuwa a fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, ta hannun wanda ya san tsarin fada. Daga nan mai unguwa, daga nan liman. A tafi da goro, a cire takalmi, a zauna ƙasa, a bar babba a cikinku ya yi magana. Kada a fito da takardar tambayoyi ranar nan. Mai unguwa zai iya haɗa ku da wanda zai raka ku. Ku karɓa da godiya, amma ku sani mutane ba za su faɗi wasu abubuwa a gabansa ba, musamman in ana zargin wani babba da riƙe famfo. Bayan kwana biyu, in an saba da fuskarku, ku roƙi a bar ku ku zaga da kanku.

Ga kuma matasa. Fadojin shan shayi suna ko'ina, kuma su ne suka san wanda ke buɗe famfo da tsakar dare da wanda ke sayar da layi. Unguwa irin Kara-Kara ta gaji da baƙi masu zuwa neman labarin ƴan fale, wato gungun matasa majiya ƙarfi, kawai su tafi. In kun je, ku faɗi abin da ya kawo ku a fili, ku zauna har a sha shayi na uku.

Ga wanda za ku yi hira da shi, bayani ya zama gajere kuma gaskiya: "Inna, mu ɗalibai ne daga jami'a. Muna son ku ba mu labarin yadda kuke samun ruwa. Ba mu zo da taimako ba, ba kuma za mu rubuta sunanku ba. Kun yarda mu ɗauki muryarku?" Wannan jimla ta "ba mu zo da taimako ba" tana da nauyi a baki, amma ku faɗe ta. In kuka bari aka ɗauka ku ƴan furoje ne, kowa zai ba ku amsar da yake zaton za ta kawo rijiya.

Fita tare

Nan ne zuciyar aikin. Akwai wata hanya da masu nazarin zamantakewa Thomas Bierschenk da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka tsara, ana kiranta ECRIS, wadda cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, da aka kafa a 2001, take aiki da ita. Tushenta shi ne cewa babu unguwar da bakinta ɗaya. A kan kowace magana akwai rukunoni masu buƙatu daban, kuma inda suke saɓani nan ne ake ganin yadda abu yake tafiya. A maganar ruwa rukunonin su ne masu tsaron famfo, ƴan garuwa, masu amalanke, matan gida, ƴan mata masu ɗiba, masu rijiyar burtsatse ta kansu, ma'aikatan kamfanin ruwa, da masu unguwa.

Ga yadda ake yi. Mutum ɗaya ya fara zuwa kwana kaɗan ya gano wuri da mutane. Sannan ƙungiya duka ta sauka a unguwa ɗaya kwana biyu ko uku. A rabu biyu-biyu ko uku-uku, kuma da gangan a gauraya: mai tarihi da mai labarin ƙasa, ɗaliba da malami. Kowane ƙaramin rukuni ya bi rukunin mutane ɗaya wuni guda. Da yamma a haɗu, kowa ya faɗi abin da ya ji da abin da ya gani, a fito da inda maganganu suka ci karo. Washegari a canza, wanda ya bi ƴan garuwa ya koma wurin matan gida. In an gama unguwa ɗaya, a wuce ta gaba.

Zaman yamman nan kada a yi wasa da shi ko an gaji. A nan ne mai labarin ƙasa zai ce taswirarsa ta nuna famfo uku a layi kaza, ɗalibar da ta wuni a can ta ce ɗaya ne kawai ke kawo ruwa, shi ma sai dare ya raba. A nan mai nazarin harshe zai tsayar da kowa a kan kalma guda da wata tsohuwa ta yi amfani da ita wajen bambanta ruwan tabki da na rijiya, mai tarihi ya ce a koma gobe a tambaye ta sunayen tsoffin rijiyoyin da aka cike. Babu wanda zai samu wannan shi kaɗai.

Wasu ƙananan abubuwa: ku yi hira da sanyin safiya ko bayan la'asar. Ku bar tambaya a buɗe, "ba ni labarin jiya, tun daga tashinki," ya fi "sau nawa kike ɗiban ruwa?" Ku ƙirga abin da ake ƙirgawa, bido nawa, dala nawa, minti nawa a layi, ku rubuta a kaye nan take. Ba a sayen magana, amma ɗan garuwan da ya tsaya muku awa guda ya yi asarar ciniki, sai ku sayi ruwansa ku bar wa gidan da kuka zauna. In malami ya fito muku da tsohuwar takardar ajami, kada ku roƙi a ba ku aro. Ku nemi izini ku ɗauki hoto shafi-shafi, ku rubuta sunan gidan da yadda takardar ta zo hannunsu, ku mayar a gabansa.

Bayan fitar taro, kowane ɗalibi ya ɗauki unguwa ɗaya ko rukuni ɗaya ya zauna a kai makonni, da tambayoyin da aka amince da su tare. Daga nan kundinsa zai fito.

Rubuta murya da adanawa

Hirar awa ɗaya tana iya cinye wuni wajen rubutawa, ku sa wannan a lissafi tun farko. A rubuta da harshen da aka yi maganar, kalma da kalma, da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a inda suke, kuma kada a gyara wa mutum Damagarancinsa ya koma Hausar littafi. Fassara zuwa Faransanci ta zo daga baya, a gefe, asali yana nan. Kowace hira ta samu lamba, da rana, da unguwa, da wanda ya yi ta. Sunayen mutane a wata takarda daban da mutum ɗaya ke riƙewa. Kwafi uku a wurare uku, domin zafi da ƙura da ɗaukewar wuta ba sa tausayin kwamfuta. Ku tuntuɓi IRSH ko CELHTO, cibiyar tarihin baka da ke Yamai tun 1968, a kan yadda za a ajiye kwafi ɗaya a wurinsu.

Ku koma inda kuka ɗebo

Kafin a buga komai, a koma unguwa. A roƙi mai unguwa ya tara mutane, a yi zaman mata daban don su samu bakin magana. A faɗi abin da aka gano da Hausa, ba tare da sunan kowa ba, sannan a yi shiru a saurara. Za a gyara muku. Wani zai ce farashin da kuka rubuta na watan azumi ne, wata ta ce kun manta da masu zuwa tabki wanki. Ku rubuta gyaran, ya shiga rahoto.

Daga nan sai a fitar da abu uku daga aiki ɗaya: maƙalar ilimi mai sunayen duk waɗanda suka yi aikin, shafi biyu ga hukumar birni da kamfanin ruwa, da shiri a gidan rediyo da Hausa, in da hali da Barbarci. Kwafin rahoton ɗaya a kai fadar Sarki, ɗaya ga kowane mai unguwa da ya karɓe ku. Tambayoyin da mutane suka yi muku a wurin taron kuma a rubuta su a shafin ƙarshe na kaye, domin daga cikinsu za ku zaɓi ta baɗi.