Darasi na Shida: Wake a Abincin Kaji

Buhun abincin kaji ya yi tsada, kowa ya sani. Cikin abin da ke ɗaga kuɗinsa akwai sinadarin gina jiki, wato furotin. Shi ke sa ɗan tsako ya yi nama, kaza ta yi ƙwai. Ana samun sa a waken suya, da farin wake, da gurjiya, da tunkuzar gyaɗa, kuma duk akwai su a kasuwar Dawanau. Waken suya ya fi farin wake: kusan kashi 40 cikin 100 nasa furotin ne, na farin wake kuwa wajen kashi 25.

Mataki na ɗaya: suya

Ba a ba kaza ɗanyen wake. Ku sake karantawa a hankali, ba sauri muke yi ba. Ba a ba kaza ɗanyen wake. Akwai wani abu a cikinsa da ke hana hanjinta narkar da abinci, sai ta ci ta ƙoshi amma ta ƙi girma, ga zawo. Zafin wuta ne ke kashe abin.

Ki tsince waken, ki zubar da tsakuwa da wanda ya yi fumfuna. Ki ɗora kasko a wuta kaɗan, ki zuba, ki yi ta juyawa. Idan ya fara ƙamshin soyayyar gyaɗa, ɗauki ƙwaya ɗaya ki fasa. Cikinsa fari? Da saura. Ya yi ruwan ƙasa-ƙasa? Madalla, sauke. Ya yi baƙi? Ya ƙone, amfaninsa ya ragu. Wanda ya ƙona a karon farko kada ya karaya, hannu zai saba.

Amma shanya a rana ba suya ba ce. Jiƙawa ma ba suya ba ce. Sau uku na faɗi wannan a aji, duk da haka wani ya kai ɗanye inji don yana tsimin gawayi, ya dawo yana cewa tsakinsa sun tsumbure. Haba Malam! Kuɗin gawayi da asarar tsaki, wanne ya fi? A soya tukuna.

Mataki na biyu: ɓarza

Idan ya huce a kai inji. A ce ɓarza ake so, kada a mai da shi gari.

Mataki na uku: haɗi

A kwano 10 na haɗin masara da dusa da wake, waken ya zama kwano 2. A ajiye inda babu damshi.