Yadda ake shan sertraline ba tare da an watsar da shi tun a satin farko ba

Toh idan likita ya rubuta maka sertraline, wanda wasu suka fi sani da Zoloft, sunan da kamfanin Pfizer ya sa masa tun da aka amince da shi a Amurka a 1991, ka sani tun yanzu wannan ba farasitamol ba ne da za ka sha da safe ka ji garau da la'asar. Ana ba masu ciwon damuwa, da masu fargaba irin wanda gabansa ke faɗuwa babu gaira babu dalili, zuciya na dukan uku-uku har ya ɗauka ajali ne ya zo. Aikinsa shi ne ya hana ƙwaƙwalwa saurin kwashe wani sinadari mai suna serotonin, amma kafin ka ji canji sai sati biyu zuwa huɗu, wani har shida.

Yawanci 50mg ne sau ɗaya a rana, masu yawan firgita kuma ana fara musu da 25mg na sati guda kafin a ƙara, ba a wuce 200mg, kuma likita ne ke ƙarawa ba mai kemis na bakin layi ba. Ka tsayar da lokaci guda, ko ka sa alam a waya ko ka ɗaura shi da sallar asuba, in yana hana ka barci to da safe ya fi, in yana tayar maka da zuciya ka fara sa wani abu a ciki ko koko da ƙosai ne. Da azumi ba matsala tunda sau ɗaya ne, sahur ko buɗa baki. In ka manta wata rana kar ka haɗa biyu gobe.

Satin farkon nan shi ne inda mutane ke zubar da shi. Ƙanwata kwana biyar da farawa ta kira ni tana kuka, "Yaya wallahi maganin nan ƙara min ciwo yake", ga tashin zuciya ga gudawa ga gumi, barci ya ƙaura, Mama har ta ɗauke kwalin ta ɓoye a ƙasan katifa wai a koma tofi kawai. Na ce Mama a yi tofin a kuma sha maganin, muka kira likitarta ta ce a daure. Wajen sati na huɗu na shiga gida na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗen gari tana yi wa autanmu tsiya, yarinyar da ta yi wata biyu ko labulen ɗaki ba ta ɗagawa.

Amma akwai abin da ba a daurewa. In tunanin kashe kai ya zo ko ya ƙaru, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25 a makonnin farko, ko mutum ya daina barci kwata-kwata ga surutu ga rawar kai, a koma asibiti a ranar. Tramadol kuwa dan Allah kar ka kuskura ka haɗa su, yana iya jawo zazzaɓi mai zafi da karkarwa da ruɗewa har da farfaɗiya. Ibuprofen da diclofenac ma suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki, ka tambaya tukuna. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a rubuta. Sai maganar da kowa ke jin nauyi, yana iya rage sha'awa ko jinkirta biyan buƙata, ka faɗa wa likita kai tsaye, akwai yadda suke gyarawa ko su canza maka wani.

In ka ji sauƙi ba a nan aka gama ba, galibi ana ci gaba aƙalla wata shida bayan nan don kar ciwon ya dawo. Ranar dainawa ma a hankali likita ke ragewa cikin makonni, don wanda ya yanke lokaci guda yakan sha jiri da saurin fushi da munanan mafarkai, wani ma ya riƙa jin kamar shokin ɗin lantarki a cikin kansa.